Fitilar Ɗakin Inna

Ko zan manta komai na zaman aurena, ba zan manta ranar da wuta ta kama zanen surukata tana tsaye ba ta sani ba.

Inna muke ce mata. Bayan rasuwar mijinta ta dawo gidanmu a Yelwa, ta ci gaba da sana'arta ta bandar kifi. Duk unguwa an san fitilar ɗakinta ba ta mutuwa. Ko yaushe ka farka za ka ji motsin buta ko ƙarar carbi. Har mata suka fara kawo ruwa a kofi ta tofa musu addu'a, wai bakin mai tsayuwar dare daban ne. Ni kaina alfahari nake da ita. Bayan isha'i nakan kai mata shayi mai kauri da goro, don ta ji ƙarfin ibada.

A ranar, da hantsi ne, an kawo kifi daga bakin ruwa ta jera a kan wuta. Ina wanke-wanke sai na ji ƙaurin da ba na kifi ba. Ina ɗaga kai na ga Inna jingine da bango kusa da murhu, ido rufe, baki a ɗan buɗe, wuta na cin gefen zanenta tana hawa. Ban san lokacin da na sheƙa mata ruwan wanke-wanken ba. Ta buɗe ido a hankali ta ce, “Ke, lahiya? An kira salla?”

Wannan tambayar ta fi wutar razana ni.

A asibiti likita ta wanke ƙunar da ke ƙwaurinta, ta auna jininta ta ga ya hau, sannan ta ce, “Inna, yaya barci?”

Maigidana ya yi caraf ya amsa, har da ɗan murmushi: “Ai ba ta barci, likita. Ibada take kwana yi.”

“Kai, yi man shiru,” in ji Inna. Ban taɓa jin ta yi masa magana haka ba. Ta juya wajen likita: “Ɗiyata, tun da Malam ya rasu barci ya ƙi ni. In na kwanta, kaina kamar ana daka. Tashi nika yi in kama alwala don kar in haukace. Sai ga mutane da kofunansu. Da wane baki zan ce musu ciwo ne?”

Muna gida ɗaya, bango ɗaya tsakaninmu, baiwar Allah tana shan wahala mu kuma muna ta yaba mata.

Likita ba ta yi mana faɗa ba. Ta ce rashin barci ciwo ne kamar kowane, baƙin ciki na kawo shi, goro da shayin dare kuma na ƙara masa ƙarfi. Ta ce a daina ba ta su daga la'asar, ta riƙa kwanciya da tashi a lokaci guda, ƙailula kada ta yi tsawo, kuma kada mu sayo mata ƙwayar barci da kanmu. Ta ƙara da cewa a riƙa zama da ita ana hira, ta samu inda za ta sauke abin da ke ranta.

Ba rana ɗaya abin ya gyaru ba. Rabuwa da goron dare sai da muka yi rigima, ta ce na zama ɗan sanda a gidan ɗanta. Na maye shayin da kunu mai ɗumi, nakan zauna ina matsa mata ƙafa tana ba ni labarin Malam, wani lokaci da dariya, wani lokaci da hawaye. Nafilarta ba ta bari ba, sai dai yanzu da niyya take tashi gab da asuba.

Ranar da na fara jin minsharinta ta bango, sai da na yi sujada.

Tun daga nan na koyi cewa kafin in yaba wa mutum juriya, in fara tambayarsa ko lafiya. In na gaida tsoho da “an tashi lafiya?” nakan tsaya in ji amsar, in kuma ƙara da, “An dai samu barci?”