Allunan 'Yata a Kafaɗar Dattawa

Shekarun baya, lokacin muna zaune a Greenbelt, ban daɗe da ajiye aikin rediyo ba, 'yata ta biyu tana karatun digiri na uku a fannin fiziks a wata jami'a da ke kusa da mu. Na zauna a Alƙahira, na zauna a Jamus, na ɗan taɓa Dakar, kuma duk inda na je nakan kama harshen mutanen wurin daidai gwargwado. Amma duk ran da yarinyar nan ta fara yi mini bayanin aikinta, sai in koma kamar baƙon da ya sauka tasha bai san kowa ba.

Ga abin da na iya kamawa. A Turai, can ƙarƙashin ƙasa, akwai wani ƙaton inji da ke gwara ƙwayoyin da suka fi ƙwayar zarra ƙanƙanta don a ga abin da zai tarwatse. Ana gina wata na'ura mai tsayin bene da za ta kama sawun abin da ya tarwatsen. Ba ƙasa ɗaya ke gina ta ba, kowane ɗakin bincike ya ɗauki nasa ɓangaren, kamar yadda ake raba kunya ranar gayya. Rabon su 'yata shi ne wasu dogayen alluna na wata irin roba mai ƙyalla ɗan haske idan ƙwayar ta ratsa ta. Robar daga wata ƙasa, zaren da ke kwasar hasken daga Japan, firam ɗin ƙarfen daga Italiya. Su kuma su manne su, su naɗe da baƙar leda. Shekaru ta yi tana wannan aiki, har hannunta ya riƙa warin gam.

Abu ɗaya ta sha nanata mana. Ramin nan na Turai ba kullum yake buɗe ba. An tsayar da injin na wani lokaci don a saka sababbin kaya, in aka rufe kuma sai bayan shekaru. In allunanta suka rasa jirgin ruwan da zai tashi daga Baltimore, to za a rufe ba su, digirinta kuma ya tsaya cak.

Sai ga ranar bikin godiyar da Amurkawa ke yi a watan Nuwamba. Mu a gidanmu mun mai da ita ranar zumunci, tunda kowa na hutu. Uwargida ta shafe talotalo da yaji kamar za a yi tsire, ga masa, ga miyar taushe. Mutane sun zo daga Wheaton, wasu tun daga Woodbridge, suna ta tsine wa cunkoson hanya. Akwai abokina ɗan Damagaram da muka yi aikin rediyo tare, wanda ba ya ganina bai tsokane mu Kanawa ba. Akwai kuma maƙwabcinmu ɗan Filato, nas ne a asibiti, ƙato, mai dariya kamar tsawa.

Ana shirin zuba abinci bayan azahar, uwargida ta kira 'yata ta ji abin da ya tsare ta. Na ga fuskarta ta sauya, ta miƙo mini wayar.

"Baba, ba zan iya zuwa ba," in ji 'yata. "Allunan sun ƙi shiga lif."

"Kamar yaya sun ƙi? Ta ina suka hau?"

"A rarrabe suka hau, Baba. Yanzu an haɗa su da firam ɗin, sun fi lif ɗin tsawo da kamar taƙi ɗaya. Akwatunan suna ƙasa, motar da za ta kai su tashar jirgin ruwa gobe da safe za ta zo."

Ashe masana daga ƙasashe da dama sun auna gurbin allunan a ramin Turai har zuwa kaurin gashi, sun yi taro a kai ta waya ba adadi, amma babu wanda ya auna lif ɗin gininsu. Ɗalibai duk sun tafi gida cin talotalo. Kamfanin masu ƙugiyar ɗaga kaya sai bayan hutu. Daga ita sai malaminta, wani dattijon Ba'italiye, da mutum biyu.

"A bi da su ta matakala mana," na ce.

"Mun yi lissafi, za su iya shan kwanar. Amma daga hawa na uku ne, kuma ba a ajiye allon a kan matakala. In ya lanƙwasa ko kaɗan gam ɗin zai tsage. Mu huɗu hannunmu zai mutu kafin mu kai rabi."

Na rufe wayar da tafin hannu na faɗa wa falo abin da ake ciki. Ɗan Damagaram ya ajiye cokali.

"Abu dogo, ba a ajiyewa, ba a karkatawa, kuma masu ɗauka na gajiya?" ya ce. "Alhaji, wannan ai makara ce. Ku tashi."

Uwargida ta ce, "Subhanallahi! Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Aikin 'yar tawa?"

"Hajiya, ɗaukar nake nufi, ba abin da ke ciki ba."

Haka muka cika motoci uku, maza fiye da goma, aka bar talotalo yana huci a tebur.

Malamin ya tarye mu a ƙofar gini. Ya dubi manyan rigunanmu da huluna, ya dubi 'yata, ya sake dubanmu. Na gaishe shi da ɗan Italiyancin da na tsinta a tashar jirgin Roma, ya amsa da wani dogon zance da ban kama ko kalma ɗaya ba, sai na koma Turanci da sauri. Ya ce ba zai ɓoye mana ba, tsoro yake ji. Ya sa muka fara gwadawa da wani firam da ba komai a cikinsa.

A nan na ga 'yata yadda ban taɓa ganinta ba. Yarinyar da ke durƙusawa ta gaida mutanen nan, ita ce ta sa kowa ya tuɓe babbar riga, ya cire agogo da zobe, ta raba mana safar hannu shuɗiya. Ta jera mu bisa tsawo. Dogaye a ƙasa su ɗaga sama, gajeru a sama su riƙe daidai kafaɗa, don allon ya zauna a miƙe.

"Baba, yi haƙuri, kai ne can ƙarshe ta sama."

Ɗan Damagaram ya ce, "Allahu akbar! Yau gajartar Bakano ta yi rana."

"Kai dai riƙe da kyau," na ce, "ka san ku ba ku saba ganin bene ba."

Da aka zo kan allon gaske, raha ta ɗauke. Ba wani nauyi ne na a zo a gani ba, amma riƙe shi a miƙe kana taka matakala da baya, nan da nan kafaɗa ke ɗaukar zafi. Kafin kwanar farko na ji ƙarfina ya fara ƙarewa. Sai kawai na ji an dafa bayana, wani ya zura kafaɗarsa a gurbina, ni kuma na zame gefe na bi bango na koma baya. Allon bai tsaya ba, bai girgiza ba. Can ƙasa ma haka, wannan ya zame wancan ya shiga. Babu wanda ya tsara mana wannan, babu mai ba da umarni. Abin da kowannenmu ya taso yana yi ne tun yana saurayi, a hanyar maƙabartar garinsu.

A kwanar ce aka sha wuya. Tsakanin bakin allon da bango bai fi faɗin yatsa biyu ba. 'Yata na gaba tana cewa, "Hagu kaɗan, Kawu. Tsaya. Sama kaɗan." Ɗan Filato, wanda nauyin duka ya koma kansa, gumi na zuba, ya ce, "Ku bar mini kwanar nan. Mu akwati muke ɗauka a coci, mun fi ku sanin kusurwa." Wani ya fara dariya, 'yata ta ce, "Don Allah kar wanda ya yi dariya, allon na motsi!" Ban taɓa ganin dattawa sun haɗiye dariya da wahala irin ta ranar ba.

Da allon farko ya kwanta a akwatinsa, malamin ya jona masa wata 'yar na'ura don ya ga ko ya tsage. Muka yi cirko-cirko. Ya daɗe yana kallon gilashin na'urar, sannan ya ɗaga babban yatsa. Ɗan Damagaram ya yi kabbara har ginin ya amsa.

Haka muka yi ta hawa da sauka har la'asar sakaliya. Muka yi salla a barandar da ke gaban ɗakin binciken, ɗan Filato na gadin takalma yana cewa mu yi sauri kafin kafaɗarsa ta huce. Kafin magariba allo na ƙarshe ya shiga akwati, kuma babu ko ɗaya da ya tsage.

Sai ga uwargida da sauran mata sun iso da kuloli. A bakin wurin lodin kaya, cikin sanyi, muka ci talotalon nan. Malamin ya ci yaji har hawaye, bai daina ba. Can ya matso kusa da ni ya ce, canjin kafaɗar nan da muke yi ba tare da magana ba, a ina muka koya?

Na ga 'yata na yi mini ido kada in faɗa. Amma na faɗa masa gaskiya, na ce haka muke kai mamatanmu. Ba a ajiyewa, kuma kowa na son ya samu ladan ɗauka, shi ya sa ake karɓa-karɓa.

Sannan ya ce a ƙauyensu, a kudancin Italiya, haka suke ɗaukar mutum-mutumin waliyyin garin ranar bikinsa, daga coci zuwa bakin teku, a dafa bayanka ka zame. Ya ce mahaifinsa ya yi, shi ma ya yi yana saurayi, amma yau da ya tsaya gaban lif ɗin nan sam abin bai faɗo masa ba, lissafi kawai yake yi. Ya yi dariya har da dukan cinya, ya ce a ƙara masa masa.

Allunan sun kama jirgi. An saka su kafin a rufe ramin, 'yata ta je da kanta ta ɗaura su, ta gama digirinta. Daga baya ta nuna mini a kwamfuta wasu layuka masu launi, ta ce sawun ƙwayoyin ne da allunan suka kama. Na gyaɗa kai kamar na gane.

Na yi yawo, na ga yadda mutane ke bambanta a ci da sha da gaisuwa, kuma na daɗe ina jin daɗin lissafa bambancin. Amma abu mai nauyi da ba a so ya taɓa ƙasa, kusan duk inda na sani hanya ɗaya ake bi da shi. Tun daga ranar na raka 'yan'uwa da dama maƙabarta a ƙasar nan, har da wasu daga cikin waɗanda muka hau matakalar nan tare, Allah ya jiƙansu. Duk sa'ad da aka dafa bayana na zame, nakan tuna cewa akwai yinin da kafaɗun nan suka ɗauki abin da bai ma fara aikinsa ba tukuna, muna ɗauka muna danne dariya.