Zulaihatu, Wadda Ta Ba da Shaida a Kan Yatsunta

Mai abu Ya karɓi abinSa. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Rajab, da hantsi, Allah Ya yi wa yayata Hajiya Zulaihatu Badaru rasuwa a gidanta da ke Ɗanbatta, bayan jinyar mako uku. An yi mata sutura bayan sallar Azahar. Ni ne ƙanenta Sama'ilu, mai rubuta Alƙur'ani da hannu, kuma ina cikin waɗanda suka ci moriyar aikinta.

Yaya, shekara talatin da ɗaya kika yi kina duba idanun manoma a ƙaramin asibitin yankinmu. Abin da ya fi tsaya miki a rai shi ne hawan jinin ido, cutar da ruwan cikin ido ke taruwa ya danne jijiyar gani. Ba zafi, ba ja, ba hawaye. Gani yana zarewa daga gefe a hankali, kuma abin da ya tafi ya tafi ke nan. Maganinta kawai a gano ta da wuri, ganowar kuwa sai an auna taurin idon.

Da yatsu kika fara. Ki ce mutum ya dubi ƙasa, ki ɗora manuniya biyu a kan fatar idonsa, ki ɗan danna kamar mai zaɓen tumatir. Sunanki ya kai har ƙauyukan Shanono, ana cewa hannun Zulaihatu ba ya kuskure. Kin ji daɗin wannan suna, kuma ba ki ɓoye ba.

Sai mahaifinmu Malam Badaru ya fara tuntuɓe da turmi a tsakar gidan da ya shekara hamsin a ciki. Sau huɗu kika taɓa idonsa cikin shekara biyu, kina cewa lafiya lau, tsufa ne. Ranar da muka kai shi babban asibiti a Kano, likita ya auna, ya leƙa, ya ce an makara. A motar dawowa ba ki yi kuka ba. Mun wuce rabin hanya kafin ki juyo ki ce mini, "Sama'ilu, yatsuna sun yi mini ƙarya."

Wannan ya faru a shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da kantar magani ta asibiti ta zama wayam, fetur kuma sai an wuni a layi. A cikin haka wata ƙungiyar agaji ta kawo na'ura mai hura iska a ido ta faɗi taurinsa. Shugaban sashenku ya ce a jefar da tsohon ɗan ƙarfen awo da ke cikin akwati, wanda sai an ɗiga wa mutum maganin kashe zafi, ya kwanta, a ɗora masa a kan ƙwayar ido, allurarsa ta nuna lamba. Kika ce a dakata. Kin riga kin yarda da hanya ɗaya ba tare da gwaji ba, kin ga inda ta kai ki.

Bayan girbin dawa kika fara gwada hanyoyin uku. Duk ranar kasuwa, a gindin darbejiyar ƙofar asibiti, kowane mutum sai an auna shi sau uku. Ki fara da yatsu, ki rubuta abin da kika ji, ki ninke takardar ki miƙa wa abokiyar aikinki Huseina, don kada ki gyara bayan kin ga sauran. Sannan na'urar iska, in an samu man janareta. Sannan ɗan ƙarfe, a kan tabarma. Daga cikin waɗanda kika auna kika lallashi mutum arba'in, kika riƙa kai su Kano biyar-biyar, a sake auna su da babbar na'ura mai shuɗiyar fitila, wadda likitoci suka amince ita ce ma'aunin gaskiya. Wata uku kina wannan zirga-zirga a motar haya, wani lokaci a tsakanin buhunan gyaɗa.

A cikin arba'in ɗin, Kano ta tabbatar da goma sha ɗaya na da cutar. Na'urar iska ta kama goma, amma ta ɗora wa masu lafiya tara cutar, domin mutanenmu na firgita da hucinta su runtse ido, lamba ta haura. Ɗan ƙarfe ya kama tara, ya zargi masu lafiya biyu kawai. Yatsunki kuwa uku suka kama. Takwas sun wuce ta hannunki kin ce musu lafiya.

Kina iya yin shiru da wannan na ƙarshe, ba wanda zai sani sai Huseina. Amma a taron ma'aikatan lafiya na yanki kika miƙe kika karanta shi da bakinki. Wani dattijon ma'aikaci ya ce, "Hajiya, ai ke kika koya mana awo da yatsu."

Kika ce, "Ni ce. Kuma ni nake roƙonku ku daina dogara da shi. Da yatsun nan na auna mahaifina."

Ba ki tsaya nan ba, kika faɗi aibin ɗan ƙarfen da kike goyon baya, cewa shi ma mutum biyu sun kuɓuce masa, don haka duk wanda ya haura shekara arba'in kuma akwai makanta a danginsa, a tura shi Kano a leƙa jijiyar idonsa ko da awo ya yi kyau. Daga ranar aka koma amfani da ɗan ƙarfe. Ba ya buƙatar wuta, yana shiga jakarki, shi ya sa ya kai ga matan cikin gida waɗanda ba sa zuwa kasuwa.

Ni kaina na ƙi awon. Ina tsakiyar rubuta wani kundi na wani masallaci a Minjibir, ina ganin wasali da ɗigo sarai, na ce malami ba zai kwanta a tabarma a bainar jama'a ba. Sai ga ki a zaurena da jakarki. Kika ce, "Cire rawanin nan ka kwanta. Ni na goya ka, ba abin da zan gani sabo." Na kwanta. Cutar ta riga ta yi nisa a idon hagu, ban sani ba. Na dama aka tsare da ɗigon magani, daga baya aka yi masa aiki. Da shi na ƙarasa wannan kundi, na ƙara wasu bakwai.

Kina da faɗa, Yaya, kowa ya shaida. Wanda ya yi wasa da ɗigon maganinsa ya gwammace ya gamu da alƙali. Kuma da ƙananan na'urorin zamani suka zo gab da ritayarki, kika yi musu irin gwajin nan, kika ga sun fi, kika ajiye ɗan ƙarfen ba tare da jayayya ba.

Ranar sadakar uku, wata tsohuwa mai suna Inna Luba ta zo daga wani ƙauye bayan Shanono, ita kaɗai, mota biyu ta hau. Ta fito da faifai mai ado ja da kore, ɗinkinsa ƙanana a jere, ta miƙa wa 'yarki Asiya. Ta ce, "Makon jiya na gama shi. Uwata da yayyena biyu a duhu suka mutu. Ni uwarki ta kwantar a tabarma shekara ashirin da suka wuce."

Ina miƙa ta'aziyya ga mijinki Alhaji Muhammadu Sani, da 'ya'yanki Asiya da Kamilu da Rahmatu, da Huseina da ta tsaya tare da ke, da duk wanda yake ganin fuskar jikokinsa yau ta dalilinki. Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Ya Allah, baiwarKa ta faɗi gaskiya ko da a kan kanta ne, Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata makwancinta, Ka cika shi da haske. Ka sada ta da iyayenmu a Aljannar Firdausi, Ka sa mu cika da imani in tamu ta zo. Amin.