Ƙwaron da Na Kai Kano a Kwalba

Tofa

Ana idar da sallar asuba na fita, da kwalabe biyu a aljihu. Shekarar fari ce, ina malamin dabbobi, tumakin ƙauyukanmu kuma suna ta mutuwa: baki ya kumbura, harshe ya yi baƙi. Na zargi wani ɗan ƙwaro da ya bayyana bayan makiyaya sun gangaro daga arewa. Bai kai rabin sauro ba, ga cizo kamar wuta. Shi na tara a kwalaben, cikin ruwan sifirit mai hana ruɓewa, don a gaya mini ko mene ne.

Babu mai, babu mota. Sai da hantsi wata a-kori-kura mai ɗauke da buhunan gawayi ta tsaya. Direban ya ce, "Hau baya, Malam, in ba ka ƙin baƙi."

Dawanau

A shinge wani mai kaki ya lalubo kwalba ɗaya, ya shinshina.

"Giya ce?"

"Ranka ya daɗe, ƙwari ne. Duba ƙasan."

Ya tuntsurar da ita a kwalta yana dariya. Aikin mako guda ya bi ƙasa. Na haɗiye maganar da ta zo bakina saboda ɗayar da ke aljihuna.

Kano

A ofishinmu shugaba bai ko karɓi kwalbar ba. "Yunwa ke kashe tumakinku. Mutane na neman tsaba, kai kana yawo da ƙuda?" Tumakin nan kuwa su ake sayarwa a sayi tsabar. Na kwana a shagon ɗan'uwana, cikina ba komai sai rogo da ƙuli.

Da safe aka kwatanta mini Dakta Falmata, mai binciken ƙwari. Ta ɗora ƙwaro ɗaya a madubin ƙara girma, ta duba shi da kyau.

"Danginsa na hamada ne, suna yaɗa ciwon tumaki. Amma zanen fiffiken nan ban taɓa ganinsa ba. Ina jin sabo ne." Fuskarta har haske take.

"Hajiya, magani fa?"

Murnar ta gushe. "Babu. Ku riƙa yi musu hayaƙi da magariba, ku nisanta su da danshi. Tantance shi kuwa sai an aika waje, zai ɗauki watanni."

Gida

Na iso bayan la'asar. Baba Sale, wanda garkensa ya kusa ƙarewa, yana jirana a ƙofa.

"Me suka ce?"

"Baƙo ne daga hamada. Ko suna bai samu ba tukuna."

Ya jinjina kai. "To mu da muke da suna, me aka yi mana?"

Muka tashi tara kashin shanu na hayaƙi. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa direba da Dakta. Mai kaki da shugaba kuwa, har yau ban yafe ba.