Jaririn Inna Larai Mai Kitso

Shekara talatin ke nan Inna Larai tana kitso a tsakar gidansu a Tudun Wada. Aure ne ya kawo ta daga Dutsen Abba. Ba ta yi boko ba, amma mace takan yi awa uku a gabanta ba ta ji zafin jan gashi ba, saboda labari.

Ni kuwa na dawo daga karatu da bincike a kan gubar dalma da ke cikin wani tozalin da ake sa wa jarirai. Na auna yara a gidaje arba'in, na yi wa kowace uwa alkawarin ba wanda zai ji sakamakon ɗanta. Sannan na tara mata na nuna musu alƙaluma. Suka yi mini addu'a, suka watse.

"Likita bokan Turai," in ji Inna Larai tana tsaga mini kai, "kin ce kashi goma sha biyu. Wa ya taɓa goya kashi? Ba ni yaro ɗaya."

Na ce ba a faɗin suna.

"To, ni zan haifa."

Ta ƙirƙiro Mubarak, kyakkyawan yaro mai dara-daran idanu, wanda kakarsa ke rambaɗa masa tozali tun ran suna, har ya shekara uku bai ce "Mama" ba. Cikin mako biyu mata suka fara tambayata wane tozali ne za su bari. Na ji daɗi.

Abin da ban lissafa ba shi ne dubiya. A nan ba a jin yaro ba lafiya a zauna. Mata suka shiga neman gidan su Mubarak, har suka tsaya a kan Ishatu, wadda ɗanta ya yi jinkirin magana. Gidanta na cikin gidaje arba'in ɗin da na auna. Suka je mata da lemo da sabulu, suna yi mata sannu.

Na roƙi Inna Larai ta faɗa musu ƙage ne.

"In na ce ƙarya ce, gobe su koma wa tozalin. Zaɓi ɗaya."

Ban zaɓa ba. Na tafi gidan Ishatu in rantse mata ban faɗa wa kowa ba. Ta saurare ni daga bakin ƙofa, da yaron a bayanta, ba ta shimfiɗa mini tabarma ba.

"Malama, a cire sunana daga takardarki," ta ce.

Da na koma ofis, na cire.