Buhu Biyu a Zauren Yaya Bawa

Shekara tara ke nan da muka ɗauki wana, Yaya Bawa majemi, daga ƙofar gidanmu a garin Isa muka kai shi makwancinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa can ta fi masa nan. Duk shekara idan watan rasuwarsa ya kewayo, nakan tara iyali mu yi masa addu'a, a raba waina, kowa ya kama gabansa. Bana abin ya ƙi tsayawa a nan, domin akwai buhu biyu jingine a zaurensa, kuma tun ranar da aka sauke su ban ci tuwo na ji daɗinsa ba.

Yaya ya gaji jima wurin mahaifinmu. Ni kuwa warin majema ya koro ni tun ina ƙarami, na gudu makaranta, na ƙare a malamin firamare. Har ya rasu bai daina tsokanata da "Malam mai farar riga" ba. Yakan ce hancina ya fi ƙarfin gadona, amma bakina bai taɓa ƙin tuwon da fata ta sayo ba. Gaskiyarsa ce, shi ya sa ban taɓa ramawa ba.

Fatar jar akuya yake jemewa, irin wadda dukawa ke nema. A jiƙa ta a ruwan toka har gashi ya saki, a karce, a wanke, sannan a tsoma ta a ruwan bagaruwa ta sha ta ƙoshi. Bagaruwar kuwa mata ke tsinto masa daga dazukan bayan Tozai da Kamarawa. Babbarsu ita ce Inna Dije, doguwar mace mai faɗa, wadda ba ta yarda a danna mata mudu.

Abin da ya sa mutane ke ce wa Yaya mai taurin kai, tambaya ce guda da yake yi wa kowane sabon abu kafin ya shigar da shi sana'arsa. Ko bokiti ne, ko igiya, sai ya juya shi a hannu ya ce, "Ina uwatai, ina kushewatai?" Yana nufin daga ina aka samo abin da aka yi shi da shi, wa ya sha wahalarsa, kuma idan ya gama aiki ina za a yar da shi. Idan mai kaya ya kasa amsawa, ciniki ya mutu. 'Yan kasuwa sun sha zaginsa a bayan ido, ni ma na sha taya su.

Na tuna shekarar da wani baƙo ya zo masa da wani gari mai kore-kore, ya ce da shi ake jima a manyan masana'antu. Aikin da bagaruwa ke ɗaukar kwanaki, in ji shi, wannan kafin ka juya ya gama, kuma fatar ba ta tsoron ruwa. Sauran majema suka kewaye shi kamar ƙuda sun ga mangwaro. Yaya ya karɓi ɗan kaɗan, ya jeme fata guda, ta yi kyau ƙwarai. Amma bai tsaya kallon fatar ba. Ya kwashi ruwan da ya rage ya kai ƙarshen lambatun da ke fita daga majema, inda yake da ɗan kwamin alayyafo da ya shuka musamman don irin wannan, ya zuba a gefe guda. Ya yanki gefen fatar ya binne a juji tare da yankin fatar bagaruwa. Kafin kasuwa ta kewayo, alayyafon gefen nan ya ƙone. Bayan damina ya tone jujin: gara ta cinye ta bagaruwa, ɗayar kuwa tana nan kamar jiya aka binne ta.

"Abin da gara taƙ ƙi ci, ƙasa ba ta amsa tai," in ji shi. "Ni ko ban jima da abin da ƙasa ba ta amsa."

Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne. Taku kaɗan daga ƙarshen lambatun nan akwai rijiyar unguwa, wadda kakanmu ya gina. Kowace Asabar Yaya yakan bi lambatun da ƙafa tun daga bakin kwatarniyar jima har inda ruwan ke nutsewa, ya duba alayyafonsa, ya ja guga ya kurɓa. A hanya yakan watsa ƙwayar bagaruwar da aka fitar wurin daka. Mukan ce tsufa ne ya fara taɓa shi.

A zamaninsa amsar tambayar nan mai sauƙi ce. Uwar bagaruwa daji ce, kabarinta juji, babu wanda ya cutu a tsakani. Yau daji ba namu ba ne. Ba sai na yi wa mai karatu na wannan yanki bayani ba. Kowa ya san yadda ake fita gona da salati a dawo da hamdala, idan an dawo. Bara surukar Inna Dije ta fita tsintar bagaruwa da hantsi tare da wasu mata, aka yi gaba da su, har yau ba labari. Bagaruwar da ta je tsinta ta majemarmu ce. Na daɗe ina juya wannan a raina, kuma ina jin nauyinsa har gobe.

Ƙauyen su Inna Dije ya watse. Ita da jikokinta da wasu gidaje da dama suna zaune yanzu a wani kango da ke bayan majema, kuma ruwan da suke sha, suke dafa abinci, suke yi wa jarirai wanka, na rijiyar kakanmu ne. Ba su da wani.

Sani, babban ɗan Yaya, shi ke riƙe da majema. Mutum ne mai haƙuri, yana da iyali, ga ma'aikata da suke ci a ƙarƙashinsa. Bagaruwa ta yi wuya, wadda fatake ke kawowa daga Nijar ta yi tsada, kuma motar da ke ɗauko ta ma ba kullum take samun hanya ba. Ƙwayar da Yaya ya riƙa watsawa ta fito, itatuwa bakwai ne yanzu a bakin lambatu, suna 'ya'ya, amma abin da suke bayarwa ba ya isa ko sulusin aikin. Fatu suna lalacewa a hannunsa, dukawa sun fara juya masa baya. Watan jiya ya aika aka sayo masa garin nan mai kore-kore, buhu biyu. Ban zarge shi ba. Amma da na ga ana sauke su, gabana ya faɗi kamar ranar da aka ce mini Yaya ya cika.

Rabi, ƙanwar Sani, ta yi karatun muhalli a Sakkwato, na kira ta a waya na kai ƙara. Ta ce mini abin da babansu ya riƙa yi, yanzu ilimi ne mai zaman kansa. Manyan kamfanoni kan ɗauki masana su bi kaya tun daga inda aka samo tushensa, da ruwa da wutar da ya ci wurin ƙera shi, da nisan da aka yi jigilarsa, da dattin da ya bari, har zuwa inda za a yar da shi, sannan su yanke shawarar abin da za su yi amfani da shi. Na yi dariya na ce ashe wana farfesa ne ba mu sani ba, muna ta ce masa mai taurin kai. Ita ba ta yi dariya ba.

"Baffa, awon ga ba ya son kai," ta ce. "In ka bi garin, za ka ƙare bakin rijiya. In ka bi bagaruwa, za ka faro daga dajin da anka ɗauke matar nan. Duka biyun sai an aza su bisa sikeli."

Nan ne tsorona ya ninku. Na so a ce Yaya na da gaskiya, Sani ya yi kuskure, a rufe magana. Sai ga shi gaba kura, baya sayaki. Nakan tambayi kaina, da Yaya na raye me zai yi? Na san ba zai sake tura 'yar kowa daji don fatarsa ba. Na kuma san ba zai zuba wa rijiyar kakansa abin da ya ƙone alayyafo ba. Ina jin da ya rage aikin ya koma daidai abin da itatuwansa bakwai da bagaruwar Nijar za su iya ɗauka, ya ci tuwo ba miya. Amma faɗin haka na da sauƙi ga mai karɓar fansho. Ba ni ne zan dubi ma'aikaci in ce masa daga gobe ya zauna gida ba.

Asabar ɗin da ta wuce na je majema da farar rigata, na toshe hanci, na ce wa Sani ya zo ya raka ni. Ban yi masa wa'azi ba. Muka bi lambatun kamar yadda mahaifinsa ke yi, ta ƙarƙashin itatuwan nan, muka wuce inda kwamin alayyafo yake a da, wanda yanzu ciyawa ta cinye. Ban taɓa lura da kusancin wurin da rijiya ba sai ranar. A bakin rijiya muka tarar da Inna Dije tana jan ruwa, jikarta na goye a bayanta. Ta rame, faɗan nan duk ya tafi. Ta gaishe mu, ta ɗebo ruwa a ƙwarya ta miƙa wa Sani, yadda ake yi wa baƙo.

"Sha, ɗan Bawa," ta ce. "Ruwanku na. Daji ya koro mu, ba mu da komi sai rijiyag ga. Allah Shi saka ma wanda yag gina ta."

Ba ta san da buhunan ba. Sani ya riƙe ƙwaryar ya daɗe yana kallon cikinta, sannan ya sha. Da muka koma zaure ya tsaya gaban buhunan ya ce, "Baffa, za ni tunani." Iyakar abin da na samu ke nan.

Masu magana sun ce bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Sani yanzu ba makaho ba ne, ya gani da idonsa. Sai dai na san yunwa, na san yadda take sa mai ido ya runtse. Buhunan ba a buɗe su ba, amma ba a mayar da su ba.

Idan na auna abin da Yaya ya bari, ban ga dukiya ba. Kwatarninsa sun tsage, dukawan da suka san hannunsa sun tsufa ko sun yi hijira. Ya bar itatuwa bakwai da ba su isa ba, ya bar tambaya guda da ta hana ɗansa zare zaren buhu yau kwana ashirin da wani abu. Ko za ta iya riƙe hannunsa har damina, Allah kaɗai Ya sani.

Ni dai, Malam mai farar riga da ya gudu daga majema, kullum bayan sallar asuba ta zauren nan nake bi. Nakan tsuguna in shafa bakin buhunan in ji ko ɗinkin na nan. Yau da safe yana nan. Daga bayan katanga ina jin ƙarar gugar Inna Dije tana faɗawa cikin ruwa.