Sunan da Alhaji Uwaisu Bai Faɗa Ba

Yahuza Nata'ala bai iya gaisuwa ba, kuma bai taɓa ɓoye wa kowa ba. Kana cikin "ina kwana" shi ya riga ya kai "gida lafiya, aiki da godiya, me za mu yi maka?" Idan ya zauna ƙafarsa ta dama rawa take yi kamar ta tela a kan keke, makullin mashin ɗinsa kuwa ba ya barin yatsansa, juya shi yake yi har magana ta ƙare. In aka yi masa faɗa sai ya ce, "Ni haka Allah ya yi ni. Mai son doguwar gaisuwa ya tafi gidan suna."

Ɗan Buji ne, autan gidan manoma. Mahaifiyarsa takan ce tun yana goye ba ya barin zani ya zauna a bayanta. A gona in ya nome kunya biyu sai a neme shi a rasa, yana can wurin masu haƙa rijiya yana yi musu tambayoyi. Da ya gama sakandare ya taho Dutse ya koyi kwamfuta, ya sami lungu a wani shago kusa da jami'a yana buga wa ɗalibai takardun kammala karatu. Wata rana mai wata makarantar kuɗi ya tambaye shi ko ya iya haɗa shafin intanet. Ya ce ya iya. Bai iya ba. A kan aikin mutumin ya koya, kuma shafin ya yi kyau. Wannan ita ce matsalar Yahuza tun farko: gaggawarsa takan yi masa rana, don haka bai ga dalilin barinta ba.

Daga nan ya kama ɗaki guda a saman wani bene, ya kafa allo ya rubuta sunan kamfani, ya ɗauki mutum biyu. Mu'az magidanci ne mara yawan magana, shi ke rubuta abin da ke sa shafi ya yi aiki. Zaituna kuwa 'yar gidan malamai ce daga Ringim, ita ke tsara launi da hotuna da rubutu, kuma ita kaɗai ke iya kallon Yahuza ta ce masa ya zauna.

Zaman ofishin ba zama ba ne. Wuta ta ɗauke, a koma sola. Hadari ya haɗu, sola ta yi sanyi, Yahuza ya kwashi kwamfuta ya sauka wurin mai cajin waya. Mai sayar da dabino ya zo yana son hotonsa ya fi na dabinon girma. Mai otal ya biya aka yi masa shafi, ya dawo yana tambayar a wane gidan talabijin ake nuna shi. Aikin da aka gama aka miƙa ma bai tsira ba, don Yahuza kan koma ya canja launi ba wanda ya sa shi. Teburan ofis kuwa duk bayan kwana kaɗan sai ya sake musu wuri.

"Oga, jiya a nan na bar kujerata," in ji Mu'az.

"Can ta fi samun iska."

"Iskar ai kai ne," in ji Zaituna, ba ta ko ɗago kai ba.

A shekara ta uku aiki ya ja baya. Makarantun da ke son shafi duk an yi musu, wani kamfani a Kano yana kiran Mu'az, shi kuwa yana da iyali, ba zai yi ta jira ba. Ana cikin haka Zaituna ta kawo aikin gidan Alhaji Uwaisu na Ringim, babban mai sayen riɗi da zoɓo, aminin mahaifinta. Masu saye daga ƙasashen waje sun dame su da tambayar ina shafinsu. Kowa a ofishin ya san abin da aikin yake nufi. Idan Alhaji Uwaisu ya yaba, 'yan kasuwar Ringim da Gujungu za su biyo shi. Idan ya kushe, Mu'az zai tafi, Yahuza kuma zai koma buga takardun ɗalibai.

Suka tafi Ringim su biyu, shi da Zaituna, ɗaukar hotuna. Aka shimfiɗa musu tabarma a bakin sito. Alhaji dattijo ne mai magana a hankali, ya fara gaisuwa tun daga mahaifin Zaituna, ya gangaro kan 'yan gidan ɗaya bayan ɗaya. Kafin a kai rabi Yahuza ya miƙe wai zai duba inda rana ta fi haska buhuna. Yana can yana ɗaga waya sama da ƙasa Alhaji ya nuna wa Zaituna wani mutum mai furfura tsilli-tsilli a gemu, ya ce, "Ga Mai Sunan Malam nan, shi zai kula da ku." Mutumin shi ne Abdulrauf, ɗansa na fari, wanda harkar take hannunsa yanzu.

Yahuza ya dawo da shirinsa. Yana son ɗan gajeren bidiyo a fuskar shafi, uba yana gabatar da magajinsa. Ya tsayar da su gaban buhunan zoɓo.

"Baba, cewa za ka yi, wannan ɗana ne Abdulrauf, shi ne manaja."

Alhaji ya dubi wayar ya ce, "Wannan shi ne Mai Sunan Malam. Shi ne a kan harkar."

"A sake, Baba. Sunan za ka faɗa. Mutumin Turkiyya bai san Malam ba."

Leburorin da ke ɗinkin buhu suka tsaya. Abdulrauf ya sunkuyar da kai. Zaituna ta matso ta yi ƙasa da murya: "Oga, ɗan fari ne. Kuma sunan mahaifin Alhaji ne. Da ka zauna da ka ji."

Ba wai Yahuza bai san kunyar ɗan fari ba. A gidansu ya tashi ya ganta. Ya ce to, aka tashi a haka. Amma tun a mota abin yake cin sa. Zaituna ta ce a rubuta sunan a ƙasan hoton, magana ta ƙare. Shi ya ce baƙo ya fi yarda da abin da ya fito daga bakin uba. Ta ce, "To bakin uban ya ƙi."

Akwai wata manhaja da ake ba ta muryar mutum ta kwaikwaya, ta faɗi duk abin da aka rubuta mata. Yahuza ya daɗe yana neman inda zai gwada ta. Ranar da Zaituna ta fita ɗaukar hoto a wani asibitin kuɗi, Mu'az kuma ya tafi ɗauko 'ya'yansa daga makaranta, sai ya zauna ya ba manhajar muryar Alhaji. Kafin la'asar ga dattijo a bidiyo yana cewa, "Wannan ɗana ne Abdulrauf," tsaf, har da 'yar shaƙewar muryarsa. Yahuza ya buga tebur don murna. Bai jira kowa ya gani ba, ya ɗora a shafi, ya tura wa Abdulrauf da akawun sito.

Washegari bidiyon ya zaga wayoyin Ringim. Ba riɗi ake kallo ba, ba zoɓo ba. "Kun ji Alhaji ya faɗi sunan?" Mata suka ji a cikin gida, ƙanwar Alhaji ta yi salati ta ce duniya ta zo ƙarshe. A ƙofar masallaci wani sa'ansa mai tsokana ya ce, "Alhaji an waye, sai Turai," ya kunna masa. Dattijo ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Muryata ce. Amma ba bakina ba ne." Ya sa takalmi ya tafi gida.

Mahaifin Zaituna ne ya kira ta. Ta shigo ofis ba sallama, ta ce wa Mu'az ya sauke shafin, sannan ta juyo.

"Ka sa dattijo ya kira sunan ubansa a gaban duk gari. Ni na kai ka gidan nan. Da wane ido zan kalli mahaifina?"

Yahuza yana ta kai da kawo tsakanin taga da ƙofa. "Bari in kira shi. A'a, saƙon murya zan tura. Ko in hau mashin yanzu, in ba shi haƙuri in juyo."

"Ka juyo? Ba waya ake yi wa irin Alhaji ba, ba kuma tsayuwa ake yi a ƙofarsa ba. Zama ake yi."

Mu'az ya gama sauke shafin, ya ce, "Mutanen Kano sun sake kira. Na ce su bari in ga yadda za ta kaya a Ringim."

Ranar Juma'a Yahuza da Zaituna suka shiga motar haya zuwa Ringim. A ƙofar gidan Alhaji, kafin Zaituna ta wuce wurin mata, ta miƙa hannu. "Kawo makullin." Ya ce ai ba da mashin ya zo ba. Ta ce ta sani, ya kawo dai. Ya zare shi daga yatsa ya ba ta.

Zauren cike yake da masu gaisuwar bayan masallaci. Yahuza ya durƙusa ya gaida, Alhaji ya amsa ya nuna masa gefen tabarma, ya ci gaba da mutanensa. Aka yi maganar farashin taki, aka yi ta wani mara lafiya, aka yi ta rijiyar unguwa. Ƙafar Yahuza ta soma rawa, ya danne ta da hannu biyu. Yatsansa yana neman abin juyawa babu. Gumi ya jiƙa masa riga. Sau da dama ya buɗe baki zai fara ba da haƙuri, sai wani ya yi sallama a sake sabuwar gaisuwa. Sai da zaure ya watse, ya rage daga Alhaji sai Abdulrauf, sannan dattijo ya juyo.

"Mutumin Buji. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba. Baba, na zo ne..."

"Ya mahaifin naka?"

Ya tambayi mahaifinsa, ya tambayi mahaifiyarsa. Ya tambayi damina a Buji, ko gero ya yi, ko tsutsa ta taɓa wake, awaki nawa suka haihu. Ya bi yayyensa ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa zuwa sama. Yahuza yana amsawa, muryarsa tana raguwa.

"Babban naku fa, wa sunansa?"

"Arzika."

"Ka taɓa jin gyatumarka ta faɗa?"

"A'a, Baba."

"To ka haɗa mata a injin naka mana. Ka kunna mata ranar kasuwa."

Karo na farko a rayuwar Yahuza da ƙafarsa ta tsaya ba tare da an danne ta ba.

Alhaji ya gyara zama. "Na yafe, don mahaifin yarinyar nan. Aiki a ci gaba, a rubuta sunan a ƙasan hoton yadda na ji ta ce. Amma ita za ta riƙa zuwa. Kai in na gan ka a nan, to gaisuwa ka zo yi."

Abdulrauf ya raka shi bakin titi. Da suka yi nisa sai ya ce, "An goge shi gaba ɗaya?"

"An sauke daga shafi."

"A kwamfutarka fa?"

"Yana nan. In turo maka?"

Mutumin ya tsaya yana kallon motocin da ke lodi. Ya haura arba'in, yana da 'ya'ya a jami'a, bai taɓa jin sunansa a bakin ubansa ba sai a wannan ƙaryar. "Na saurara sau da yawa," in ji shi. "A'a. Goge shi." Ya juya ya koma gida.

Aikin ya ci gaba. Zaituna ce ta yi ta zirga-zirgar Ringim har aka gama, kuma sunanta 'yan kasuwar suka riƙe, ba nasa ba. In sun hawo benen sukan tambaya, "Ina 'yar Malam?" ko da Yahuza ne tsaye a gabansu. Mu'az bai tafi Kano ba. Yanzu kamfanin ɗaki biyu ne, an ƙara ma'aikata, suna yi wa masu shinkafa da masu fata da wata ƙungiyar mata masu man gyaɗa.

Kada wani ya ɗauka Yahuza ya canja. Har gobe yana sake wa tebura wuri, har gobe yana katse "ina kwana" a tsakiya. Manhajar muryar ce kawai ya cire, ita ma sai da Mu'az ya tsaya a kansa. Abu guda ya ƙaru. Duk sabon ma'aikacin da aka ɗauka, ranar farko Yahuza kan tsaya a gabansa, yana juya makulli a yatsa, ya ce:

"Ni ban iya zama ba, kowa ya sani. In muka je gidan dattijo, ka karɓe makullin nan tun daga ƙofa. Ko na roƙe ka, ko na ce zan kore ka, kada ka ba ni sai an gama gaisuwa."