Kogon da Lindsay Ya Rarake

Shekara talatin da ɗaya Glenys Pardoe ta yi tana sharar makarantar firamare a garinmu, can cikin jihar Queensland, kuma har ta yi ritaya ba wanda ya taɓa kama ta da ƙura ko a bayan ƙofa. Makaminta ɗaya ne, man bishiyar turare. Da shi uwarta ta yi aiki, da shi ita ma take goge daɓe da wanke safa, in mura ta kama ka ma shi za ta ɗiga maka a hankici. A wurin matan zamaninta, gidan da bai yi wannan ƙamshin ba to ba a share shi ba ke nan.

Mijinta Lindsay kafinta ne, mai sanyin hali, amma fa da taurin kai a ɓoye. Shekara goma sha huɗu yana kiwon wata mesa da ya sa wa suna Madam, cikin babban akwatin gilashi a baranda. Shi ya rarake mata gungumen itace ya yi mata kogon kwana. Duk wata sai ya fito da shi ya kankare da tafasasshen ruwa, sannan ya cusa a tanderun girkin Glenys ya gasa. Ranar kuwa sai an yi rigima, tana cewa gidan maciji a inda take gasa rago, wannan wane irin rashin ta-ido ne. Shi dai murmushi kawai yake. Bai taɓa gaya mata dalilin da ya sa ba ya sa komai a ruwan ba, ita kuma ba ta taɓa tambaya ba.

Ciwon huhu ne ya tafi da shi. Kwana biyu kafin ya cika, ya riƙe hannunta a asibiti ya ce, "Tsohuwa, na san ba kya ƙaunar Madam. Amma kada ki ba da ita." Ta yi masa alkawari.

Ta riƙe alkawarin kuwa, tana tsoro tana yi. Wata uku ba ta taɓa kogon ba, har baranda ta ɗauki wani irin ƙarni. Glenys da ƙarni a gida? Ina! Wata safiya ta ɗaure zuciya, ta tura Madam cikin jaka da sandar Lindsay mai ƙugiya, ta fito da gungumen. Ta jiƙa tsumma da man bishiyar turaren nan ta bi ciki da waje, ta ƙara, ta shanya, ta mayar. Ranar ta ji daɗin da ba ta ji ba tun jana'iza, don a ganinta ta yi wa mijinta aiki mai kyau.

Bayan kwana biyu ta tarar da mesar a waje da kogo, kai a sama, baki a buɗe, numfashinta na fita da wata ƙara kamar buta ta fara tafasa. Ita da ba ta taɓa sa mata yatsa ba, sai ga ta ta sungume ta da hannu biyu, ta sa a jaka, ta tuƙa mota awa ɗaya da rabi zuwa wurin likitar dabbobi.

Likitar ta sunsuna jakar kawai ta gane. Ta yi mata bayani a hankali cewa man nan guba ne ga maciji, yana ƙona masa hanyar numfashi, kuma ruwan zafi da rana sun isa wanke irin wannan kaya. Ta yi wa Madam allura, ta ce ba ta yi alkawarin za ta tashi ba. Glenys ta tambaya ko in ta tafasa gungumen sau goma man zai fita.

"Itace ya riga ya sha, Misis Pardoe. In kin mayar da shi, kin kashe ta."

Kunya da baƙin ciki suka rufe Glenys. Ita da gari ya sani da tsabta, tsabtar ce ta nemi kashe amanar da aka bar mata. Ta dawo gida ta wanke akwatin da ruwan zafi zalla har sau uku, ta shimfiɗa jarida, ta yanka wa wata tsohuwar roba ƙofa ta kifa a ciki. Gungumen kuwa ta kai shi bayan gida ta zauna da shi a cinya. Ga sawun kurfin sassaƙar Lindsay layi-layi a cikinsa, ga inda ya rubuta awo da fensir. Shi ne aikinsa na ƙarshe da ya rage a gidan, sauran duk na mutane ne. Ta san halinta, in ta ajiye shi wata rana sai ta ce ai warin ya fita. Ta cinna masa wuta, ta tsaya har ya zama toka.

Kwana goma sha tara tana zama gaban gilashi tana sauraron numfashin. Ran na ashirin ta kasa kunne ba ta ji komai ba, gabanta ya faɗi. Ta ɗaga robar, sai ga Madam a naɗe, baki a rufe, harshe na fitowa yana komawa. Glenys ta ɗora tafin hannu a bayanta, ta bar shi a nan.

"Ki yafe mini," ta ce. "Ba mu da kowa sai juna."